Cinikin Gidajen Alfarma: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Saye da Mai Sayarwa

Me ya bambanta cinikin gidan alfarma da cinikin sauran gidaje?

Babban bambancin shi ne rashin ma'auni. Idan gida na cikin jerin gidaje masu tsari iri ɗaya, ana duba nawa aka sayar da na maƙwabta a watannin baya, sai farashi ya fito kusan da kansa. Gidan alfarma kuwa sau da yawa ba shi da tagwaye, domin filinsa da inda ya fuskanta da kayan da aka gina shi da su da tarihin waɗanda suka zauna a cikinsa duk nasa ne shi kaɗai. Ga kuma ƙarancin masu saye, tun da mutanen da za su iya biyan irin wannan kuɗi ƙalilan ne, kuma akasarinsu suna da wasu gidajen da suke kwana a ciki, saboda haka babu abin da ke kora su. Shi ma mai sayarwa yawanci ba matsi ne ya sa shi sayarwa ba. Idan mutum biyu da babu mai gaggawa a cikinsu suka zauna a kan kadarar da ba ta da tsayayyen farashi, abin da ke raba gardama shi ne wanda ya fi sanin halin da ɗayan yake ciki, da wanda ya fi iya jira, da wanda yake da wata mafita idan cinikin bai faɗa ba.

Shin hikima ce mai sayarwa ya ɗaga farashi sosai domin ya bar wa kansa gurbin ragi?

Wannan tambaya tana da fuska biyu, kuma wajibi ne a dube su duka. Gaskiya ne cewa adadin da aka fara ambata yana jan tunanin mutane zuwa gare shi. Masana halayyar ɗan Adam Amos Tversky da Daniel Kahneman sun bayyana wannan ɗabi'a ta ɗan Adam a 1974, sannan a 1987 Gregory Northcraft da Margaret Neale suka gwada ta a kan dillalan gidaje a birnin Tucson na jihar Arizona a Amurka. Sun zagaya da dillalan cikin gida guda, sun ba kowa takardun bayani iri ɗaya, sai dai farashin da aka rubuta a matsayin abin da mai gida ke nema ya bambanta. Waɗanda aka nuna wa farashi mai tsada sun kimanta gidan da tsada, waɗanda aka nuna wa mai sauƙi sun kimanta shi ƙasa da haka, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka ce wannan adadi ya shiga lissafinsu. Idan ƙwararru ba su tsira ba, mai saye ma ba zai tsira ba.

Sai dai wannan tasiri yana da iyaka, kuma wanda ya wuce ta yakan biya da shekaru. Shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan ya sa gidansa na Highland Park, kusa da Chicago, a kasuwa a 2012 a kan dala miliyan 29. An yi ta rage farashin, an gwada gwanjo bai yi nasara ba, kuma ba a sayar da gidan ba sai a watan Disamba na 2024, a kan dala miliyan 9.5. Gida ne da aka gina daidai da bukatun mutum ɗaya, har da lamba 23 a jikin ƙofar shiga da cikakken filin ƙwallon kwando a ciki, kuma abin da ya ci kuɗi wajen gini bai zama abin da wani yake son biya ba.

Gidan da ya daɗe a kasuwa yana tsufa a idon masu saye. Kowa ya gan shi sai ya tambayi kansa ko mene ne waɗanda suka riga shi dubawa suka gani har suka juya, kuma kowane ragi da aka sanar yana koya wa masu saye cewa idan suka ƙara haƙuri wani ragin na tafe. A ganina, farashin da ya dace shi ne mafi girman adadin da mai sayarwa zai iya karewa da hujja a gaban mai kimanta kadarori wanda ba shi ya ɗauke shi aiki ba.

Ta yaya mai saye zai san darajar gidan da ba shi da irinsa?

Yana farawa da rarraba gidan kashi-kashi. Fili yana da nasa farashi, wanda ya fi sauƙin kwatantawa da filayen da ke kewaye. Gini yana da nasa, wato abin da za a kashe a sake gina irinsa a yau bayan an cire tsufa da lalacewa. Sannan akwai abin da ba a iya ginawa, kamar bakin teku, ko tsayin bene a tsakiyar babban birni, ko nisa daga idon jama'a, kuma a nan ne farashi yake tashi sama. Lokacin da attajirin Amurka Ken Griffin ya biya kimanin dala miliyan 238 a 2019 domin wani gida a dogon benen 220 Central Park South a birnin New York, mafi yawan kuɗin na wurin ne da abin da ake hangowa daga tagogi.

Ya kamata mai saye ya dogara da farashin da aka sayar da gidaje a zahiri, domin farashin da ake nema buri ne kawai. Ya ɗauki mai kimantawa nasa na kansa, ya kuma lissafa kuɗin riƙe gidan a shekara: haraji, inshora, masu gadi, masu kula da lambu da wurin wanka, da gyaran na'urori. Wannan lissafi na ƙarshe yana da amfani biyu, domin yana nuna masa nauyin da zai ɗauka, yana kuma nuna masa abin da mai sayarwa ke asara a duk watan da gidan ya ƙara ba a sayar ba.

Tayi mai rauni yana ɓata ciniki?

Yana iya ɓatawa, musamman idan an jefa shi babu bayani. Mai gidan alfarma sau da yawa shi ya zaɓi kowane dutse da kowace ƙofa, saboda haka yakan ji tayin da ya yi ƙasa ƙwarai kamar raini ne ga aikinsa, kuma tun da ba ya cikin matsi yana iya rufe ƙofa ya ƙi sake sauraron wannan mai saye ko da ya dawo da ƙari. Amma adadin nan guda, idan ya zo a rubuce tare da jerin gidajen da aka sayar a yankin, da ƙiyasin gyaran da ake bukata, da shaidar cewa kuɗin suna nan, yakan samu amsa. Abin da mai saye ke nema da tayin farko shi ne mai gida ya mayar da martani da nasa adadin, domin daga nan ne ake gane inda iyakarsa take.

Kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne kushe gida a gaban mai shi. Mai saye ya yaba abin yabo da gaskiya, ya bar takardu su yi maganar aibi.

Wane bayani ya kamata kowane ɓangare ya nema, wane kuma ya kamata ya riƙe?

Mai saye yana bukatar sanin dalilin sayarwa. Gidan da magada da yawa suka gada, ko wanda ma'aurata da suka rabu suke son raba kuɗinsa, ko wanda maginin da ya ci bashin banki ya kammala kuma kuɗin ruwa na hawa masa, duk suna da agogo da ke bugawa a bayansu ko da ba a faɗa ba. Yana kuma bukatar sanin tsawon zaman gidan a kasuwa, da sau nawa aka rage farashi, da ko an taɓa ƙulla ciniki ya warware. Wani lokaci ana janye gida na ɗan lokaci a sake fito da shi kamar sabo, saboda haka a tambayi ranar da aka fara tallata shi tun asali.

Mai sayarwa kuma yana bukatar sanin ko mai tayin yana da ƙarfin biya, da ko yana duba wasu gidajen, da ko akwai ranar da dole ya tare, kamar buɗe makarantar yara ko fara sabon aiki.

Abin da kowa zai riƙe shi ne iyakarsa ta ƙarshe da kuma gaggawarsa. A lokacin zagayen gida ne mutane suka fi tona wa kansu asiri. Iyali su shiga ɗakin da ya fuskanci lambu, uwargida ta fara nuna inda za a ajiye kujeru, yara su fara rabon ɗakuna, dillalin mai gida kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana saurare. Yawancin irin waɗannan gidaje suna da na'urorin ɗaukar hoto, wasu har da na ɗaukar murya, don haka a bar tattaunawa sai an fita daga harabar gidan. Akwai kuma iyaka da dole a kiyaye: riƙe sirrin ciniki halal ne, amma ɓoye aibin da aka sani a jikin gini, a ƙasashe da dama, yana iya kai mai sayarwa gaban kotu bayan an gama ciniki.

Ban da farashi, a kan me ake ciniki?

A nan ne cinikin gidajen alfarma ya fi faɗi, kuma a nan ne ake ceto yawancin cinikin da ya cije. Ana ciniki a kan ranar miƙa makullai, da yawan kafin alƙalami da sharuɗɗan mayar da shi, da tsawon lokacin bincike, da wanda zai ɗauki nauyin gyara. Ana ciniki a kan kayan ɗaki da aka ƙera daidai da girman ɗakunan, waɗanda ba su da amfani sosai ga mai tashi amma suna da tsada ga mai shigowa. Ana ciniki a kan zane-zanen bango, da manyan fitilu, da ci gaba da riƙe ma'aikatan da suka san gidan, da alkawarin cewa ba za a bayyana farashi ko sunayen ɓangarorin ba gwargwadon abin da doka ta yarda.

Misali sananne shi ne gidan Hugh Hefner, wanda ya kafa mujallar Playboy, a Los Angeles, wanda aka nemi dala miliyan 200 a kansa, aka sayar a 2016 a kan dala miliyan 100, bisa sharaɗin cewa Hefner zai ci gaba da zama a ciki har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a 2017. Ga dattijon da ba ya son tashi daga inda ya saba, wannan sharaɗi yana da darajar da ba a rubuta ta da lamba.

Dabarar ita ce kowane ɓangare ya nemo abin da yake da arha a wurinsa amma yake da tsada a wurin ɗayan. Mai sayen da ba ya gaggawar tarewa zai iya barin mai gida ya zauna wata shida bayan an biya, ya karɓi ragi a madadin haka. Duk abin da aka amince da shi kuma a rubuta shi da sunansa da hotonsa, domin rigima a kan fitila guda da aka cire daga falo ta sha dagula ciniki a ranar ƙarshe.

Shin mai kuɗi a hannu ya cancanci ragi?

Ya cancanta, amma saboda tabbaci. Mai sayarwa kuɗinsa ɗaya ne ko daga aljihun mai saye suka fito ko daga banki. Abin da yake tsoro shi ne bankin ya aiko mai kimantawa ya ce gidan bai kai farashin ba, wanda yakan faru da kadarorin da ba su da abin kwatance, sai bashin ya gaza, ciniki ya warware bayan an ɓata watanni. Mai sayen da zai ci bashi yana iya rage wannan tsoro ta hanyar kawo amincewar banki a rubuce, da ƙara kafin alƙalami, da alkawarin cike giɓi daga aljihunsa har zuwa wani adadi.

Yaya ake yin ragi ko ƙari ba tare da an nuna rauni ba?

Kowane mataki ya zama ƙarami fiye da wanda ya gabace shi. Mai sayarwan da ya rage miliyan ɗaya, ya sake rage miliyan ɗaya, ya sanar da cewa akwai miliyan na uku. Wanda ya rage miliyan ɗaya, sannan dubu ɗari huɗu, sannan dubu ɗari, ya nuna cewa ya kusa kai ƙarshe ba tare da ya furta ba. Haka ma mai saye a wajen ƙari. Kada kuma a bayar da komai kyauta: idan za a rage, a nemi a matso da ranar biya, ko a cire wani sharaɗi.

Kada mutum ya yi tayi biyu a jere ba tare da ya ji amsa ba. Shiru yana da nauyi, kuma mutane da yawa idan kwana uku suka wuce ba su ji komai ba sai su ƙara da kansu, alhali ɗaya ɓangaren yana nazarin tayin farko ne. Game da shawarar a raba bambanci biyu, a yi hattara da wanda ya fara kawo ta, domin wanda ya soma daga adadin da ya wuce hankali shi ne yake cin ribar tsakiya. Kalmar "wannan ne na ƙarshe" kuma a faɗe ta sau ɗaya, a lokacin da take gaskiya.

Idan binciken injiniya ya gano matsala bayan an daidaita a kan farashi fa?

A raba matsalolin kashi biyu. Akwai waɗanda ke ɓoye, kamar tsagewar harsashi, ko yoyon rufi, ko lalacewar na'urorin sanyaya da ɗumama gida, ko ɗakunan da aka ƙara ba tare da izinin hukuma ba. Waɗannan hujja ce ta sake zama a kan farashi, kuma ya fi kyau mai saye ya karɓi ragi ya yi gyaran da kansa, domin mai tashi yakan nemi gyara mafi arha. Akwai kuma waɗanda kowa ya gani tun ranar farko, kamar tsohon fenti ko tsarin kicin da ya tsufa. Wanda ya dawo da waɗannan yana neman ragi na biyu yana zubar da amincinsa, kuma zai bukaci wannan aminci kafin a kai ga sa hannu.

Mai sayarwa mai hangen nesa yakan sa a bincika gidan tun kafin ya fito da shi, ya gyara abin da zai gyara, ya bayyana sauran, ta yadda babu abin da zai zama makami a hannun mai saye daga baya.

Me ya kamata a yi idan aka ce akwai wani mai tayi?

Mai saye ya nemi a tabbatar masa da haka a rubuce ta hannun dillali ko lauya, ko da ba za a faɗa masa adadin ba. Sannan ya koma ga iyakar da ya sa wa kansa tun kafin zuciyarsa ta kamu da gidan, ya yi tayinsa mafi kyau a cikinta, ya ƙarfafa shi da sharuɗɗa masu sauƙi. Mai sayarwa kuma ya sani cewa ƙirƙirar abokin takara na ƙarya, baya ga kasancewarsa yaudara, yana da haɗari a kasuwar da dillalai ƙalilan ne kuma duk sun san juna.

Sayarwa a asirce ta fi, ko fitowa kasuwa, ko gwanjo?

Sayarwa a asirce tana kare sirrin iyali, tana kuma hana gida tsufa a idon jama'a, domin babu wanda ke ƙirga kwanakinsa. Illarta ita ce rashin takara, tun da mutum biyu ko uku kawai suka san da maganar. Tana dacewa da wanda yake son gwada farashi kafin ya fito fili.

Gwanjo yana sa wa'adi, kuma wa'adi yana tilasta wa masu jinkiri su yanke shawara, amma yana bayyana gaskiyar kasuwa ba tare da sassauci ba. Katafaren gidan nan da ake kira The One a unguwar Bel Air ta Los Angeles an taɓa yi masa kirarin dala miliyan 500, aka sa shi a kasuwa a kan miliyan 295 bayan bashi ya durƙusar da aikin, aka kuma sayar da shi a gwanjo a watan Maris na 2022 a kan miliyan 126, wanda ya kai kusan miliyan 141 da kuɗin masu gwanjo. Wanda zai bi wannan hanya ya tsayar da mafi ƙarancin farashin da zai karɓa tun kafin a buɗe.

Dillali yana tare da wa?

Yana tare da wanda ya ɗauke shi, amma la'adarsa tana tare da faɗuwar ciniki. Idan la'ada kashi 2 cikin 100 ce, ƙarin miliyan ɗaya a farashi yana kawo wa mai gida kusan miliyan ɗin gaba ɗaya, dillali kuwa dubu ashirin kacal, alhali warwarewar ciniki tana raba shi da komai. Masana tattalin arziki Steven Levitt da Chad Syverson sun bincika cinikin gidaje a yankin Chicago, suka gano cewa dillalai idan nasu gidan suke sayarwa sukan bar shi a kasuwa kusan kwana 10 fiye da na abokan hulɗarsu, su kuma sayar da shi da tsadar da ta haura kashi 3 cikin 100. Wannan ba ya nufin dillali maƙiyi ne, domin nagari yana kawo masu sayen da mai gida ba zai taɓa kai wa gare su ba, yana kuma tsayawa tsakani lokacin da rai ya ɓaci. Abin da ya kamata shi ne a tsara la'adar ta yadda za ta ƙaru idan farashi ya haura wani adadi, a kuma guji dillali ɗaya ya wakilci ɓangarori biyu.

Haraji yana shiga cikin ciniki?

Yana shiga sosai, kuma ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Ingila mai saye yana biyan harajin hatimi da ya kai kashi 12 cikin 100 a kan abin da ya haura fam miliyan 1.5, da ƙari ga mai gida na biyu da wanda ba mazaunin ƙasar ba. A birnin New York harajin manyan gidaje yana farawa daga kashi 1 a kan dala miliyan 1, yana hawa har kashi 3.9 daga miliyan 25. Los Angeles ta fara karɓar kashi 4 a kan cinikin da ya haura dala miliyan 5, da kashi 5.5 daga miliyan 10, a watan Afrilu na 2023. Inda harajin yake hawa kan dukkan farashi da zarar an tsallake wani mataki, ɗan ragi kaɗan yana iya ceton kuɗi mai yawa, kuma ɓangarorin biyu suna iya raba wannan riba. A sa lauya ya duba tsarin, domin hukumomi suna lura da masu kumbura kuɗin kayan ɗaki don su rage na gida.

Yaushe ne ciniki ya ƙullu har ba a iya janyewa?

Doka ce ke faɗa, kuma ta bambanta. A Ingila da Wales amincewa da tayi ba ta ɗaure kowa sai an yi musayar takardun yarjejeniya, saboda haka mai gida yana iya karɓar tayin da ya fi, mai saye kuma yana iya rage nasa ana gab da sa hannu. A Sikotilan ciniki yana ƙulluwa ne idan lauyoyin ɓangarorin biyu suka kammala musayar wasiƙun amincewa. A mafi yawan jihohin Amurka yarjejeniyar da aka sa wa hannu tana ɗaurewa tun farko, sai dai ta bar ƙofofin fita da aka ambata a cikinta, kamar sakamakon bincike ko samun bashi. Mai sayen da ke ciniki a inda amincewar baki ba ta ɗaure kowa yana iya neman yarjejeniyar keɓewa, wadda za ta hana mai gida sauraron wani na tsawon makonnin da aka ƙayyade, yayin da injiniya da lauya suke kammala aikinsu.